Tashar Jirgin Ƙasan Da Muke Ginawa A Ɗakin Ajiya

   

Uwargida, yau labarin jirgin ƙasa na zo miki da shi, amma don Allah kada ki yi saurin juya shafi. Jirgin da nake magana a kansa bai fi tsawon ludayin miyarki ba, tasharsa kuma tana kan wani falankin katako mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2 a ɗakin ajiyarmu. Tun shekarar 2020 ake gininta, har yau ba a gama ba. Sau biyu ina kai kayan bakin bola da niyyar zubarwa, Allah bai nufa ba. Da na zubar kuwa, da na yi asarar da ban san girmanta ba.

Mu mutanen Zariya ne, aikin asibiti ya kawo maigida arewacin Ingila a shekarar 2014, muka biyo shi ni da yara. Wanda labarin ya shafa ɗan fari ne, kin kuwa san ba a kama suna, don haka za ki ji ina cewa yaron nan. Yana da shekara shida muka zo. Ni da mahaifinsa haka aka tarbiyyantar da mu: ɗan fari ba a jansa a jiki, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. A gida wannan kunyar ba ta cutar da yaro, domin abin da uwa ta ƙi yi masa kaka za ta yi, gwaggo za ta goya shi, kawu zai ɗauke shi a keke su zaga gari. To mu mun ɗauko kunyar mun tsallako da ita teku, kaka da gwaggo da kawu kuwa mun baro su a Zariya. Sai yaro ya tashi babu mai jansa a jiki ko ɗaya. Ƙannensa mata suna hawa cinyar ubansu, shi kuwa maganarsu ba ta wuce "Kai, ka yi sallah?" da "Kai, ina aikin makaranta?" Malamarsa ta taɓa rubuto mana cewa yaro ne mai ladabi amma ba ya buɗe baki a aji, lissafi kuma yana neman gagararsa. Na karanta na ce ai kawaici ne, gado ya yi. Allah Ya yafe mini.

A watan Maris na 2020 aka kulle ƙasar saboda cutar korona. Maigida yana asibiti dare da rana, mu muna gida kamar kaji a akurki. Wata rana maƙwabcinmu, wani dattijon Bature da matarsa ta rasu, ya miƙo wa yaron nan wani kwali ta saman shinge. Da aka buɗe sai ga guntayen layin dogo, da kan jirgi ɗaya, da taragu huɗu, da wata 'yar na'ura mai maɓalli da ake juyawa. Raina ya ɓaci. Yaro ɗan shekara 12, wanda nake son ya zauna ya yi karatu, an kawo masa kayan wasan jarirai. Ga waya ko'ina a falo, ga ƙura. Na tattara na kai waje, ya lallaɓa ya dawo da su. Na sake kaiwa, ya sake dawo da su, bai ce mini uffan ba.

Ranar da na sauka daga dokin fushi, ina kicin da sassafe ina haɗa wa maigida shayi, ya dawo daga aikin dare. Sai na ji shiru bai shigo ba. Na leƙa falo, na gan shi durƙushe a kan kafet da kayan aikinsa a jiki, shi da yaron nan sun haɗa kai suna duba wani wuri da jirgin yake zuwa ya tsaya cak. Yaron yana yi masa bayani cewa wuta ta cikin ƙarfen layin take bi ta shiga ƙafafun jirgin, don haka in layi ya yi datti ko mahaɗa ta saki, dole ya tsaya. Suka goge, suka matse, jirgi ya wuce, sai na ji sun yi dariya tare. 'Yar uwa, na tsaya da butar shayi a hannu ina lissafi, na kasa tuna ranar da na taɓa jin dariyar su biyun a lokaci ɗaya.

Daga baya na fahimci cewa a ƙasar nan abin na manya ne. Akwai ƙungiyoyi, da mujallu, da shaguna na musamman, da baje koli da ake yi a garuruwa, mafi yawan masu yi kuma dattawa ne masu furfura. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001 mai suna Miniatur Wunderland, inda aka gina ƙasashe da birane da jirage a wannan ƙaramin girma, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Da aka sassauta kulle mun kai yara gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin Yok, wanda aka buɗe a 1975, muka ga Mallard, jirgin kwal ɗin da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938. A hanyarmu ta dawowa ne na yi suɓul da baka na ce, "Ai kakanku ma a loko ya yi aiki." Yaron nan ya juyo ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Mahaifina ya yi shekaru sama da 30 yana aikin reluwe a Zariya, a loko, wato inda ake gyaran kawunan jirgi. Da can in an kira shi a waya, yaron nan daga "Ina wuni" sai ya miƙo mini, don Hausarsa ta yi rauni. Ranar sai da suka shafe awa guda. Baba ya ba shi labarin yadda dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, da yadda ake loda buhunan gyaɗa daga dalar gyaɗa ta Kano a yi Legas da su. Yana yi yana tsokanarsa irin ta kaka da jika: "Kai Bature, me ka sani? Jirginka ko akuya ba zai ɗauka ba." A ranar suka yanke shawara shi da ubansa cewa za su bar gina ƙauyen Turawa irin na cikin mujallu, su gina ƙaramar tasha irin waɗanda ke tsakanin Zariya da Kano a zamanin aikin Baba.

Nan lissafi ya shigo ta taga. Girman da aka fi amfani da shi a Ingila sunansa OO, kowane abu ana rage shi sau 76, wato kowace ƙafa ɗaya ta gaske tana zama milimita 4. Ƙofar da ta kai ƙafa 6 da rabi za ta zama milimita 26. Kukar da ta kai ƙafa 50 za ta zama milimita 200. Baba ya ce tsohon layinmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, ya fi na Ingila ƙanƙanta, wanda yake ƙafa 4 da inci 8 da rabi, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna aka buɗe a 2016. Yaron da aka ce lissafi ya gagare shi ya ɗauki biro ya ce to namu kamata ya yi ya zama milimita 14, na shago kuwa 16 da rabi ne, ya yi faɗi da milimita 2 da rabi. Kwana uku abin yana damunsa, sai da ubansa ya ce a bar shi haka, wanda ya zo da ma'auni ya biya kuɗin kallo.

Ni kuwa ta hanyar turmi aka jawo ni. Garin ƙasa da ake sayarwa a shago duk baƙi ne ko toka-toka, da aka nuna wa Baba a waya ya ce wannan ba ƙasarmu ba ce, tamu ja ce. Sai na tuna da wata fasasshiyar tukunyar fulawa ta jan yumɓu da ke bayan gida. Na daka ta, na tankaɗe da tsohuwar rariya, mai laushin ya zama hanya da filin tasha, tsakin kuma ya zama burji. Ana barbaɗa shi a busasshe, a daidaita da buroshi mai laushi, sannan a haɗa farin gam na katako da ruwa rabi da rabi, a ɗiga ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya. Sabulun ne yake sa ruwan ya nutse cikin garin, in babu shi sai ya taru a sama ya kwashe komai. Da abin ɗiga maganin ido ake bi a hankali, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Haka ake yi wa tsakuwar da ke tsakanin layi, sai dai a kiyaye gam ya taɓa wurin da layi yake rabuwa biyu, don in ya daskare ba zai sake motsi ba. Mun yi wannan kuskuren sau ɗaya, ya ishe mu darasi.

Daga nan sai na zama kamar ni ce mai aikin. Kuka da waya aka yi ta: a murɗa siraran wayoyi da yawa su zama gindi, a rarraba su sama su zama rassa, a shafe da garin toshe ramin bango, a yi fenti. Busasshiyar ciyawar kaka da igiyar rama na yi ta, na warware na yayyanka na jiƙa a ruwan shayi. Jinkar rumbu daga bakin tsintsiyar laushi. Rufin kwanon ofishin tasha daga takardar alminiyan da muke rufe abinci, aka danna ta a kan matsefi ta yi layi-layi. Buhunan gyaɗa kuwa ƙullin fulawa da gishiri na yi, kowanne milimita 12, na danna su da guntun yadi don saƙar buhu ta fito, na gasa a wuta kaɗan-kaɗan. Ni da 'yan matan mun yi sama da 300 kafin dala ɗaya ta tashi. Ana wannan aikin ne, hannu yana motsi ido yana kan ƙulli, yaron nan ya gaya mini cewa shekara biyu wasu yara suna tsokanarsa a makaranta saboda yadda yake magana. Shekara biyu, uwargida, ina gida ɗaya da shi ban sani ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun farko. A shago ana sayar da 'yan mutum-mutumi na fasinjoji da shanu da tumaki don a cika tasha. Mun tambayi malamin masallacinmu, ya yi mana bayanin maganganun malamai a kan ajiye siffar mai rai da kuma sauƙin da aka yi a kan abin wasan yara, ya ce bishiya da gini da jirgi babu laifi ko kaɗan. Zuciyata dai ta fi natsuwa da a bar masu ran, maigida ya goyi bayana. Na ɗauka yaron nan zai ji haushi. Sai ya kwana ya tashi da dabara: ya ce a tasharmu kullum lokacin azahar ne. Ya gina ɗan masallaci a gindin kuka, ya jera takalma a ƙofa, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ajiye butoci biyu, ya jingine keke a bango. Duk wanda ya zo kallo ya tambayi ina mutane, sai ya ce suna sallah.

To sai aka zo babban aiki, wato taragun tagulla. Babu shagon da za ki shiga ki sayi taragon reluwen Nijeriya a wannan girman, don haka dattijon nan ya ba su shawarar su koyi haɗa nasu. Ana sayar da su a shimfiɗe, falle-fallen tagulla marasa kauri da aka zana sassan a jiki. Sai a yanke kowane sashe, a goge bakinsa da ƙaramin magagari, a lanƙwasa a kan layin da aka tsaga, a liƙe da ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo. Abin da ake narkarwa haɗin kuza da dalma ne, kuma akwai wani ruwa mai ɗan kaifi da ake shafawa kafin a ɗora wuta don liƙin ya gudana.

Na farko da suka gwada ya lalace. Dalmar ta dunƙule kamar ƙwallo ta ƙi kamawa, da yaron ya daɗe da wuta a wuri ɗaya sai gefen da aka riga aka liƙa ya saki, ya ƙona yatsa, tarago ya karkace. Maigida ya gaji, ga kuɗin da aka kashe, sai ya daka masa tsawa: "Kai komai sai ka ɓata!" Yaron ya ajiye ƙarfen ya fita. Mako biyu bai leƙa ɗakin ba, gida ya koma shirun da muka saba, wanda a da nake kira kawaici. A wannan karon na san sunansa. Na bari sai da dare bayan yara sun kwanta, na ce, "Abban yara, ƙarfen nan in ya lalace za a sayi wani. Yaron nan fa?" Bai amsa mini ba, amma washegari na ga ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.

Dattijon ya zo ya zaunar da su biyun kamar 'yan aji ɗaya. Ya ce dalma ba ta kama ƙarfe mai datti, ko maiƙon yatsa ya isa ya hana, don haka sai an goge tagulla ta yi ƙyalli. Ya ce ƙarfen ake zafafawa har ya karɓi dalmar da kansa, ba a liƙa masa ita da ƙarfi. Ya kuma nuna musu cewa liƙin iri-iri ne: akwai mai narkewa a zafin digiri 188, da shi ake haɗa gangar jiki, akwai mai 145, da shi ake ƙara ƙananan sassa ba tare da na farko ya saki ba, akwai mai 70 na sassan da aka zuba da farin ƙarfe mai taushi, waɗanda wuta mai yawa take narkar da su gaba ɗaya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ji, na dubi maigida, shi ma ya dube ni. Mu biyun mun san ba maganar tagulla kaɗai muka ji ba. Shekara da shekaru zafi ɗaya muke ɗora wa yaranmu, alhali wani ɗan kaɗan yake ɗauka. Da dattijon ya tafi, na ji maigida ya ce da yaron, "Malam, zo ka riƙe ƙarfen, ni zan riƙe maka hantsaki. Hannunka ya fi nawa tsayawa." Wannan shi ne yabo na farko da na ji ya yi masa.

Nan zan ja kunnenki uwargida, ko da ɗanki gyaran rediyo ko waya yake koya. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Don haka na kafa doka: ba a ci ba a sha a wurin aikin, a buɗe taga saboda hayaƙi, a wanke hannu da sabulu in an gama, ƙananan yara ba sa shiga, kayan kuma a kulle a akwati. Shi ma taragon sai an wanke shi da tsohon buroshin haƙori bayan kowane zama, in ba haka ba ruwan nan mai kaifi zai sa ya yi kore ya ci fenti.

A 2023 muka je gida, yaron nan ya naɗe tarago na farko da ya haɗa daidai a cikin auduga ya kai wa kakansa. Idon Baba ya yi rauni, sai ya karɓa ya dinga shafawa da yatsu, gefe da gefe, har ya zo ƙarshe. Ya ce, "Bature, waɗannan ƙahoni biyun na mene ne? Wannan na ƙasarku ne. Namu mahaɗi ɗaya gare su a tsakiya." Aka yi ta dariya. Amma da za mu tafi ya ƙi bayar da shi, yana nan a kan tagarsa kusa da carbinsa. Da muka dawo, aikin farko da yaron ya yi shi ne cire ƙahonin sauran.

Yanzu dai ga inda aka kwana: an gama layi da masallaci da ofishin tasha da dala ɗaya, taragu uku sun hau layi, na huɗu yana jiran fenti. Saura tankin ruwa, da gonar dawa a bayan tasha, da ɗorawa biyu da na yi alkawari. Yaron nan ya zama saurayi, har ya fi ubansa tsawo, amma duk daren Asabar suna ɗakin ajiya, ina jiyo muryoyinsu daga kicin. A zuciyata ba na ma son a gama.

'Yar uwa, ban ba ki wannan labari don ki nemi jirgin Turawa ba. Kafin mu san da shi, yaranmu suna ƙera motar kara da ta gwangwanin madara, da tayar tsohon silifas, da sitiyarin waya, mu kuwa muna sharewa mu zuba a murhu muna cewa sun cika mana gida da shara. Gobe in kin ga ɗanki ya tara tarkace a lungu, ki ajiye tsintsiyar tukuna, ki durƙusa ki tambaye shi me yake yi. Ki ba shi zare, ki ba shi murfin kwalba, ki kuma yi dabarar da mahaifinsa zai zo ya riƙe masa wani gefe. Musamman ɗan fari, wanda kunya ta hana mu kallon idonsa: in ku biyu kuna kallon abu ɗaya, bakinsa zai buɗe ba tare da an keta kunyar ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanya albarka a hannuwansu, Ya ba mu haƙurin zama da su. Wassalamu alaikum, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.